Kada ka goge eFootball saboda safiyar Alhamis

Duk Alhamis maganar ɗaya ce a guruf-guruf: "Jama'a gem ɗina ya ƙi buɗewa, ko ni kaɗai ne?" Ba kai kaɗai ba ne malam. Ba netwok ɗinka ba ne, kuma wayarka lafiyarta ƙalau. Kamfanin Konami ne ya rufe sabarsa don gyaran da ya saba yi kowane mako, yawanci daga 2:00 zuwa 8:00 agogon UTC. A Najeriya da Nijar ƙarfe 3 na dare ke nan zuwa 9 na safe.

Ni dai ina ganin zagin da ake yi wa wannan rufewa bai dace ba. A cikin awannin nan ne ake toshe kurakurai, a saka sababbin gasanni da katunan 'yan wasa, a kuma sabunta Live Update, wato makin nan na A zuwa E da ke nuna yadda ɗan wasa ya taka leda a zahiri a makon. Kuɗin gem da 'yan wasan miliyoyin mutane duk a sabar suke zaune. Taɓa irin wannan rumbu alhali ana tsakiyar wasa, ai nan ne wani zai sayi ɗan wasa ya neme shi ya rasa.

Kuma mu fa mun ci sa'ar lokaci. A Japan, gidan su Konami, rufewar tana kamawa daga 11 na safe zuwa 5 na yamma. A gabashin Amurka daren Laraba ne, daidai lokacin da mutum ya dawo gida zai huta da gem. Mu kuwa rabinta muna barci. To kukan na mene ne?

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da gaggawa ke jawowa. Wani yana ganin saƙon rufewa sai ya share bayanan manhajar, ko ya goge ta gaba ɗaya ya sake saukewa. Ga asarar data, ga kuma babbar: idan bai taɓa haɗa asusunsa da Konami ID ko Google Play ba, ƙungiyar da ya shekara yana ginawa tana iya tafiya ke nan.

Sannan ga 'yan damfara, su ma sun san Alhamis. Za ka ga linki wai yana buɗe gem ana cikin gyara, ko VPN na musamman, ko kyautar kuɗin gem. Ƙarya ce. Sabar da aka kashe babu VPN da zai tashe ta, imel ɗinka da kalmar sirri suke nema.

Idan sabon zubi ne babba na shekara, rufewar kan kai kwanaki, kuma suna sanarwa tun kafin nan a cikin gem ɗin. Ka riƙa leƙa sanarwar, ka ƙara awa ɗaya a kan lokacin da suka rubuta. Ladan gasar da ka ci kuma ka karɓe shi tun daren Laraba. Asusun nan dai, don Allah yau ɗin nan ka haɗa shi.