Wa Ke Duba Gidan Gajiyayyu?

Kowace shekara, da iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai labarin gobara ya yawaita. Kasuwa ta ci wuta, rumbu ya ƙone, manya su tafi jaje, a ƙididdige hasarar dukiya. Amma akwai wani gida da ba safai mukan ji an ambace shi ba in ana zancen tsaron gobara, watau gidan gajiyayyu, inda hukuma ke ajiye tsofaffi da makafi da guragu waɗanda ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Ɗan kasuwa in wuta ta tashi yana iya sheƙawa da gudu. To, tsohuwar da ba ta iya sauka daga gado sai an ɗaga ta fa, ina za ta?

Kada wani ya zaci wannan aiki ba shi da mai shi. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a cikinsu kuwa har da kafa maƙabartu da gidajen gajiyayyu, da kuma kula da su. Ashe ke nan ƙananan hukumomin nan 774, waɗanda a Arewa suka gaji En'e tun gyaran da aka yi a 1976, amana ce doka ta rataya musu a wuya. Ra'ayinmu shi ne, gina gidan rabin aiki ne kawai. Sauran rabin, wanda ya fi wuya, shi ne gyara da dubawa kullum, kuma a nan ne hukumomi na ƙasashe da yawa suka yi tuntuɓe.

Bari mu kai masu karatu tsibirin Jamaika. A birnin Kingston an yi wani gidan hukuma mai suna Eventide, wanda aka buɗe tun 1870 domin tsofaffin da ba su da kowa. A ƙasar nan kuwa, kula da irin waɗannan gidaje aikin majalisun gundumomi ne, bisa ga dokar taimakon matalauta ta 1886. Shekaru suka yi ta wucewa, mutane suna ƙaruwa, gini yana tsufa, har gidan ya cika ya batse. Ran 20 ga watan Mayu, 1980, da tsakar dare, wuta ta tashi a wani ɓangare na katako inda mata tsofaffi wajen 200 ke kwana. Kafin a yi wani abin kirki ginin ya rufta. Mata kimanin 150 suka rasu, da yawansu makafi ne ko waɗanda ba su iya tafiya. Gwamnatin Firayim Minista Michael Manley ta keɓe ranar makoki, aka binne su a kabari guda.

An yi ta gardama a kan mafarin wutar. Waɗansu suka ce sa ta aka yi da gangan, domin shekarar zaɓe ce mai yawan tashin hankali. Waɗansu suka ce wayar lantarki ce. Mu dai abin da muke so a lura da shi daban ne. Ko wa ya ƙyasta ashana, ai ba shi ya tsufar da katakon ba, ba shi kuma ya cusa mata 200 a gini guda ba. Waɗannan abubuwa a fili suke shekara da shekaru, kowane ma'aikacin da ya taka ƙafa gidan ya gan su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce ai wannan talauci ne da tsohon gini. To, ga wani misali daga ƙasa mai arziki. Ran 31 ga watan Janairu, 2004, kafin asuba, wuta ta tashi a gidan tsofaffi na Rosepark, kusa da birnin Glasgow a Sikotlan. Ginin na zamani ne, na 'yan kasuwa ne kuma, yana da rajista, masu dubawa suna zuwa. Wutar ta fara ne daga wani ɗan ɗakin ajiya inda akwatin lantarki yake, ba ta ko yi nisa ba, amma hayaƙi ya halaka mutum 14. Alƙalin da ya yi bincike ya ba da rahotonsa a 2011. Ya tarar ba a duba wayoyin lantarki yadda ya kamata ba, an bar ƙofofin ɗakunan kwana a buɗe har hayaƙi ya sami hanya, ma'aikata ba su sami isasshen horo ba, kuma sai da aka yi minti 9 da kaɗawar ƙararrawa sa'an nan aka kira 'yan kwana-kwana. Ya kuma ga aibi a yadda hukumar lafiya ta yankin ta riƙa duba gidan a shekarun baya. Tun daga 2005 dokar gini ta Sikotlan ta wajabta wa kowane sabon gidan tsofaffi sa famfon rufi mai feshin ruwa da kansa in ya ji zafin wuta.

Darasi biyu ke nan. Na Jamaika ya nuna abin da kan faru in an bar gyara. Na Sikotlan ya nuna cewa dubawar da ta tsaya ga takarda ba ta kare kowa. Akwai kuma na uku, wanda ya fi shafar gidan hukuma: in majalisa ita ce mai gida, ita ce kuma mai dubawa, wa zai gaya mata gaskiya? Da wuya ƙaramin ma'aikaci ya rubuta cewa ginin shugabansa bai cancanci a kwana ciki ba. Saboda haka lalle ne mai duban ya fito daga waje, watau daga hukumar kashe gobara ta jiha, a kuma karanta rahotonsa a zaman majalisa, a shigar da shi cikin littafin taro, don kada gobe wani ya ce bai sani ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce babu kuɗi, albashi ma da ƙyar ake biya. Ba mu musa ba, ƙananan hukumomi sun daɗe suna kukan jihohi na riƙe musu rabonsu, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga watan Yuli, 2024, cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Amma fa yawancin abin da ke ceton rai ba shi da tsada. Nawa ne kuɗin bokitin yashi? Nawa za a kashe a cire kwaɗo daga ƙofar baya, ko a kau da katifu da jarkar kananzir daga kusa da mita? Za a kuma ce mu tsofaffinmu a gida muke riƙonsu, gidajen nan kaɗan ne. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne ga Allah. Amma wanda ya ƙare a gidan gajiyayyu shi ne wanda ba shi da ɗa ko jikan da zai je ofis ya ɗaga murya dominsa. In hukuma ta yi shiru, shi ke nan, kowa ya yi shiru.

Ga abin da muke roƙo. A keɓe wa gyaran gidajen nan kansa na musamman cikin kasafin shekara, kada a karkatar da shi zuwa wani aiki. A sa ƙwararren mai gyaran lantarki ya bi wayoyi kafin kowane hunturu. A tsara yadda tsofaffi za su ji ɗumi ba tare da an kwana da kaskon garwashi kusa da shimfiɗa ba. A ƙidaya masu aikin dare, a gwada su da mazauna: mutum ɗaya ba ya fitar da marasa ƙarfi 30. A riƙa gwajin fita, da dare kuwa, domin gobarar nan biyu duka da dare suka zo. A koya wa kowane mai gadi cewa kiran 'yan kwana-kwana shi ne farko, neman inda wuta take ya biyo baya.

Ku akawuna, ta hannunku takardar koke ke bi. Takardar da ta ce rufi na yoyo a kan waya, kada ta kwana ƙarƙashin tulin fayil. Ku kai ta gaba, ku rubuta ranar da kuka kai. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, wanda ke leƙa randa da kwata da idonsa, ba ya sa hannu daga kan kujera. Irin wannan duba muke nema. Ku kuma malaman makaranta, ku ne masu faɗa a ji a unguwa, kuma abin da muka faɗa duka ya shafi ɗakunan kwanan ɗalibanku. Ku kai ziyara gidan gajiyayyu mafi kusa da ku, ku tambayi mai gadi inda mabuɗin ƙofar baya yake.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Jamaika da na Sikotlan sun sayi wannan ilmi da rayukan iyayensu, mu kuwa ya zo mana kyauta. Allah ya kiyashe mu da gobara, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar raunana, amin.