Kada a Ɓalle Ƙofa Don Makulli Ya Ƙi Buɗewa

Ɗalibin da ya ɗaura aniyar harhaɗa ƙwayar Linux da kansa, wato kanel ɗin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki cikin 1991, sau da yawa yakan ci karo da saƙon da ke cewa an hana shi izini. Abin da akasarin ɗalibai ke yi nan take shi ne su sa sudo a gaban umarnin, ko su buga chmod 777 a kan jakar baki ɗaya. Aikin kan ci gaba, amma wannan ɗabi'a ce da ya kamata malamai su hana tun da wuri.

Linux ya gaji tsarin izini daga Unix, wanda aka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969. Kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a. Izinin karantawa lambarsa 4, na rubutawa 2, na gudanarwa 1. Saboda haka 755 na nufin mai fayil yana da ukun duka, saura kuwa su karanta su gudanar kawai. Ita kuma 777 ta bar gida ba ƙyaure. A ɗakin kwamfuta na makaranta, inda mutane da dama ke amfani da na'ura ɗaya, kowa na iya sauya rubutun da gobe zai zama ƙwayar da ke mulkin na'urar.

Abin mamaki, sudo ɗin da ake gudu wurinsa shi ne yakan haifar da matsalar. Idan aka gudanar da make sau ɗaya da ikon root, duk fayilolin da aka samar sun zama mallakarsa. Ranar da ɗalibi ya dawo da sunansa, ba zai iya rubutu a kansu ba. Umarnin ls -l zai nuna masa haka cikin daƙiƙa guda, chown -R kuma ya mayar masa da kayansa. Wani sanadin shi ne kwance fayilolin a kan filashi mai tsarin FAT, wanda bai san izinin Unix ba. Maganinsa a kwafo ƙunshin tar zuwa faifai mai tsarin ext4 a kwance shi can.

Wasu za su ce ai na'urar gwaji ce, in ta lalace a sake zuba mata manhaja. Gaskiya ne, sai dai hannun da ya saba da haka a makaranta shi ne zai riƙe na'urar asibiti ko ta banki nan gaba. Takardar bayanin da ke zuwa da kanel ɗin ma ta ce a kwance shi inda mutum ke da izini, kamar jakarsa ta gida, a guji /usr/src/linux. Ikon root sai an zo girkawa, wurin make modules_install da make install, ake bukatarsa.