Fentin Ɗaki Ya Zama Sai Mai Hali

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan kayan fenti.

Duk wanda zai gyara ɗakin amarya ko ɗakinsa kafin Sallah ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, Naira kuma ta faɗi, kuɗin bokitin fenti ya tashi, domin yawancin sinadaran da ake haɗa shi da su daga waje suke zuwa. Ga kuɗin mota daga birni. Sannan ga burushi, ga rola, ga kananzir na tsinka fentin ƙofa da taga.

Amma abin da ya fi damuna shi ne fentin algus. Wasu marasa tsoron Allah sai su samu tsohon bokiti, su cika shi da ruwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kawo kasuwar ƙauye da araha. Ka shafa sau uku bango bai rufu ba, ka jingina ka tashi da riga fari fat. Kuɗin fenti ya tafi, ladan mai fenti ya tafi.

'Yan'uwa, a duba marfin bokiti ko an taɓa buɗe shi. Tsani da rola a ara wurin maƙwabci. Ɗakin da ba a yi wa shafen siminti ba, farar ƙasa ta ishe shi.

Ina kira ga hukumar SON ta riƙa leƙo kasuwanninmu na ƙauye, kada ta tsaya birni kaɗai.

Naka,
Wani manomi kuma ɗan tireda.