Ƙarfin da ke ƙarewa a dako

Vasily Alekseyev ɗan ƙauye ne daga yankin Ryazan na ƙasar Rasha, an haife shi a 1942, kuma tun yana yaro aikin saran itace ya sani. Bai shiga ɗaga ƙarfe da gaske ba sai da ya kai shekara 18, lokacin yana karatun aikin gandun daji a Arkhangelsk. Daga 1970 zuwa 1977 ya kafa tarihin duniya sau 80, ya ci gasar duniya sau takwas a jere, ya ɗauki zinare a Olamfik na Munich a 1972 da na Montreal a 1976. Mafi nauyin abin da ya ɗora a kafaɗa ya cilla sama shi ne kilo 256, wato buhun masara biyu da rabi da 'yar ɗoriya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Wudil ranar Juma'a ya san irin wannan ƙarfi ba baƙo ba ne a nan. Ɗan dako zai durƙusa, a jibga masa buhu mai kilo 100 a wuya, ya miƙe ya taka katako ya hau bayan mota, ya sauke ya dawo, haka har la'asar. Masu ɗiban yashi a kogi ma haka. A Utai, nan yankin Wudil, da ƙauyukan da ke kewaye, samari kan cika gwangwanin fenti biyu da siminti, su soka bututun ƙarfe a tsakiya, su yi ta ɗagawa da yamma a bayan gida, babu mai gyara musu tsayuwa ko riƙo. Da yawa ciwon baya ne ladansu kafin su kai arba'in.

Abin da Alekseyev ya samu wanda su ba su samu ba shi ne hanya: ɗakin atisaye, ƙarfe mai awo, gasa daga ta gari zuwa ta ƙasa, da gwamnatin da ke biyan lada kan kowane sabon tarihi. Shi ya sa ma yakan ƙara rabin kilo kawai a kan tarihinsa, ya bar saura sai wata gasar. Wasan dabara ne kafin ya zama na ƙwanji. Fizge ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai a motsi ɗaya sai an koya wa mutum, kuma da ƙuruciya.

Ba komai na Rasha ne abin koyi ba. A 2016 an hana masu ɗaga ƙarfenta duka zuwa Olamfik na Rio saboda ƙwayoyin ƙara kuzari. Najeriya ta ɗanɗana cutar wannan maguɗi: Mariam Usman ta zo ta biyar a Olamfik na Beijing a 2008, sai bayan shekara takwas aka sake gwada fitsarin da aka adana, aka kama biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta, tagulla ta dawo hannunta bayan taro ya daɗe da watsewa. Kafin ita, Ruth Ogbeifo ta ciyo azurfa a Sydney a 2000.

Wudil na da jami'ar kimiyya da fasaha, ga makarantar horar da jami'an 'yan sanda, duk cike da matasa. Ɗaki ɗaya, sandar ƙarfe mai kilo 20 da faifanta, dandamalin katako da mai horarwa guda sun isa a fara, kuma kuɗinsu bai kai na gyaran filin ƙwallo ba. Ya kamata ƙaramar hukuma da hukumar wasanni ta Jihar Kano su buɗe irin wannan ɗaki, su tura mai horarwa ya zaga Utai da kasuwar Juma'a ya zaɓo yara 'yan shekara 13 zuwa 16, maza da mata, a shirya su don gasar wasanni ta ƙasa.