Hakin da ƙudan zuma suka sani, mu ba mu sani ba

A ƙarshen damina ku tsaya bakin gona da hantsi ku duba inda ƙudan zuma ke sauka. Yawanci kan ƙananan huranni ne da muke tattakewa, muna kiransu duka "haki". To wane haki?

Mu da muka yi lakol mun haddace sassan hure da Faransanci, amma a nuna mana tafasa, gasaya da yaɗiya, sai mu fara sosa ƙeya. Abin kunya ne, wallahi. Ga shi maganin kashe haki ya cika kasuwanni, ana fesa shi har kan iyakar gona, ba wanda ya tambayi me aka kashe. Masu amya su ne ke gani a ƙwarya.

Ku ɗauki garmani. Makiyaya sun tsane shi, kuma suna da gaskiya: ya cinye makiyaya da burtali a jihar Maradi, bisashe ba su damu da shi ba. Amma ƙudan zuma na zuwa kan hurensa rawaya. Ba mu ce a bar shi ya yaɗu ba. Mun ce a san abu kafin a yanke mishi hukunci.

Manhajar salula za ta ba ku sunan Latin, wani sa'in ma ta yi kuskure. Tsohuwa mai tsinkar ganyen miya ko Bafillace mai kiwo sun fi ta. Ku ɗauki hoton hure da ganye tare, ku tambaye su, ku aiko mana da sunan da na garinku, mu karanta a shirinmu.