Abin da Kamfanin Mulmula Ƙarfe na Jos Ya Kamata Ya Koya wa Injiniyoyin Gobe

A farkon shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanonin mulmula ƙarfe uku, a Jos da Katsina da Osogbo, kowanne da ƙarfin fitar da tan 210,000 na rodi da makamantansa a shekara. Injinan sababbi ne fil, ma'aikatan kuma sun sami horo. Sai dai ɗanyen ƙarfen da za a murza a Jos daga Aladja yake tasowa, can kusa da Warri, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Da zarar Aladja ya tsaya, ko wutar lantarki ta yi ƙasa, sai injinan Jos su yi tsit. Kamfanin bai taɓa kusantar adadin da aka tsara masa ba har aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2005.

Injinan ba su da laifi. Tsarin da ya haɗa su da kayan aiki da wuta da sufuri ne ya gaza, kuma kula da wannan tsari shi ne sana'ar injiniyan masana'antu. Injiniyan kanikanci yana tambayar ko inji na aiki. Shi kuwa wannan tambayarsa ita ce a ina kaya suke cunkushewa, awa nawa layin sarrafawa ya yi a tsaye cikin mako, kuma nawa tsayuwar ta ci. Don haka matashin da ke sha'awar fannin sai ya ƙware a ilimin ƙididdiga da lissafin kuɗin sarrafa kaya, ya iya riƙe agogo ya auna kowane mataki na aiki, ya kuma saba da manhajojin kwamfuta na tsara jadawali. Akwai kuma abin da aji ba ya koyarwa: haƙurin sauraron leburan da ya shekara ashirin a gaban inji ɗaya, domin sau da yawa shi ya san inda gizo ke saƙar tun kafin alƙaluma su nuna.

Abin mamaki, hukumar da ya kamata ta cike wannan giɓi a Jos ɗin take zaune. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ke kula da shirin SIWES da ke tura ɗaliban injiniya sanin makamar aiki na wata shida. Da yawansu kan ƙare a ofis suna ɗaukar fayil, a sa musu hannu a littafi, shi ke nan.

Jami'an Ma'aikatar Masana'antu da mataimakan 'yan majalisar da ke duba kasafin ITF suna da ikon sauya wannan. A wajabta wa kowane ɗalibi ya auna layin sarrafawa guda, a masana'anta irin NASCO ko Grand Cereals, ya rubuta inda lokaci da kaya ke salwanta, sannan a ba shi maki gwargwadon abin da ya gano.