Karen Jagora Da Ɗan Jagora: Wanne Ya Fi Tsada?

Ranar Juma'ar da ta shige na yi salla a Keffi, da aka sauko kuwa sai wani tsohon abokin karatuna ya ja ni gidansu don in gai da mahaifinsa. Dattijon tsohon malamin makaranta ne, yau shekara uku ke nan da hawan jinin ido ya rufe masa gani. Muka same shi a zaure bisa buzu, ga jikansa ɗan shekara kamar tara yana riƙe da bakin sandarsa. Yaron nan shi ke kai shi masallaci da asibiti, shi ke tsaya masa a layi ranar karɓar fansho. Da muka fito sai abokin nawa ya ce, "Kai da ke aikin jarida, don Allah bincika mana. Na ga Turawa suna da karnukan da ke yi wa makafi jagora. Nawa ake sayensu? Ko filina ne sai in sayar in samo wa Baba ɗaya, yaron nan ya koma makaranta."

To, na bincika, na kuma ga ya dace in kawo amsar a wannan fili, domin na san ba gidansu kaɗai ke cikin wannan hali ba.

Horar da karnuka don jagoran makafi ba sabon abu ba ne. A Jamus aka buɗe makarantar farko a garin Oldenburg cikin 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Amurka an kafa makarantar The Seeing Eye cikin 1929, Ingila ta soma nata cikin 1931, a nahiyarmu kuwa Afirka ta Kudu ta kafa ƙungiyarta cikin 1953.

Abin da ke sa karen tsada shi ne lokaci da wahalar da ake zuba masa. Ba karen da aka tsinta a bola ake ɗauka ba, akwai jinsin da ake zaɓa, galibi Labrador ko irin na Jamus da muke gani wurin 'yan sanda. Tun yana ɗan kwikwiyo za a ba wani gida ya rene shi shekara guda ko fiye, ya saba da mutane da ƙarar motoci. Daga nan ya koma hannun gwanaye ya yi watanni yana koyon tsayawa a bakin titi, da kauce wa rami, da lura da reshen da zai bugi kan mai shi. Har ma ana koya masa ya ƙi bin umarni idan an ce ya ƙetare alhali ga mota tafe. Da yawa daga cikinsu ba sa cin jarrabawar, sai a sallame su, kuɗin da aka kashe musu kuwa ya tafi ke nan.

Makarantun Amurka kan ƙiyasta cewa kare guda yana cin kimanin dala 50,000, wasu ma sun ce ya fi. A canjin 2025 wannan ya haura Naira miliyan 70. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar cikin 2024, sai ya yi fiye da shekara 80 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara wannan kuɗi. Karen kuma aikinsa bai cika wuce shekara bakwai ko takwas ba, daga nan sai tsufa ya kama shi, a nemi wani.

Mai karatu zai ce, to yaya makahon Amurka yake iya saye? Amsa ita ce ba shi ke biya ba. The Seeing Eye dala 150 take karɓa a kan karen farko, tsohon soja kuwa dala ɗaya tak. Sauran kuɗin daga gudummawar jama'a yake fitowa da dukiyar da mutane ke barin wasiyyarta. Amma wannan rangwame na mazauna Amurka da Kanada ne, bai shafi mutumin Keffi ba.

Mu ɗauka ma wani attajiri ya ɗauki nauyi, an kawo karen har ƙofar gida. A nan wani sabon lissafi zai tashi. Kare ne mai nauyin kilo 30 ko kusa da haka, ba kuma ƙanzon tuwo zai ci ba, abincinsa na musamman ne, da awo ake ba shi. Sai allurar rigakafin ciwon hauka, wadda Alhamdu lillahi cibiyar Vom ta Jihar Filato tana yi, da maganin kaska da na tsutsar ciki, da kuɗin likitan dabbobi. Ga kuma zafin watan Maris, lokacin da kwalta ke ƙona ƙafar mutum da takalmi, balle dabbar da ke tafiya ba komai.

Sai zaman gida. Karen jagora ba a ɗaure shi a bayan gida kamar karen gadi, kusa da mai shi yake kwana, in an raba su shaƙuwar da aikin ya dogara a kanta sai ta lalace. A gidan Bahaushe kuwa, inda ake alwala a tsakar gida, kwanuka na ƙasa, tabarmar salla na shimfiɗe, wannan magana ce babba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, an kuma yarda a ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Har a Ingila cikin 2008 malamai suka yarje wa wani matashi makaho ya riƙa zuwa masallaci a birnin Leicester da karensa, aka yi wa karen wurin jira daga waje da ɗakin salla. Amma fatawa ba ta sauya zuciyar maƙwabta rana ɗaya, mai gidan haya kuma yana iya cewa a tattara a ba shi ɗakinsa.

Idan an fito waje kuma, a kan wace hanya zai yi jagoran? An horar da shi ne a garuruwan da masu ƙafa ke da gefensu. A bakin hanyar Abuja da ta ratsa Keffi, gefen titi na masu tireda ne da 'yan acaɓa, ga lambatu a buɗe, ga karnukan unguwa, ga yara da duwatsu. Wane mai keke ne zai ɗauki fasinja da ƙaton kare? Ashe dai tsugune ba ta ƙare ba.

Amma cikin binciken nan na tarar da wani abu da ya fi duk waɗannan amfani gare mu. Makarantun nan ba sa ba makaho kare sai ya riga ya iya tafiya shi kaɗai da farar sanda, domin kare bai san hanyar banki ba, mai shi ne ke riƙe da taswirar gari a kansa yana ba da umarni. Wato ko a ƙasashen da ke da karnukan, sanda ce tushe. Farar sanda kuwa kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba, abin da ake bukata shi ne malamin da zai koya wa mutum sarrafa ta, da ƙirga kwana, da sauraren motsin motoci. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, a jihar da aka ciro Nasarawa daga cikinta a 1996, saboda haka ilmin bai yi mana nisa ba.

Mu kuwa mun zaɓi jagoran da muke gani kyauta ne, wato yaro. Dokar ilmi ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, amma ɗan jagora yana ƙarar da waɗannan shekaru riƙe da bakin sanda. Idan ya kai shekara goma sha biyar, tsaransa sun gama ƙaramar sakandare, shi bai iya rubuta sunansa ba, bai kuma koyi sana'a ba. Kuɗin kare an rubuta shi an san yawansa, asarar da yaron nan ya yi kuwa ba wanda ya taɓa zama ya lissafa, shi kaɗai zai yi ta biyanta har tsufansa.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda aka kafa bisa dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Janairun 2019, da gwamnatocin jihohi, su sa malaman koyar da farar sanda a kowane asibitin ido, a bi ta hannun Sarakunan Makafi domin su suka san mutanensu. Masu hali kuma su tuna cewa binciken da aka yi a ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin 100 na makanta abin da za a iya karewa ne ko warkarwa, mafi yawa yanar ido ce, wadda ƙaramin aiki ke cirewa. Kuɗin kare guda zai buɗe idanun mutane ɗaruruwa.

Abokina dai na ce masa ya bar filinsa. Ya nemo wa Baba farar sanda da wanda zai koya masa, manyan gidan su raba kwanakin rakiya a tsakaninsu, yaron kuma ranar Litinin a sa masa kayan makaranta. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya raya jikansa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.